Haɗuwar Jini a Allon Majigi: Tunani a kan Fim ɗin The Thin Man

Idan mutum biyu suka dace da juna har zamansu ya zama abin sha'awa ga mai kallo, Bahaushe yakan ce jininsu ya haɗu, kuma da ya faɗi haka ya rufe magana, domin a ganinsa abu ne da Allah yake haɗawa. Ni ma na yarda da haka a zaman duniya. A fagen fim kuwa ina da ja, kuma abin da ya sa ni wannan ja shi ne wani tsohon fim na Amurka mai hoton baƙi da fari, The Thin Man, wanda kamfanin MGM ya fitar a shekarar 1934.

An ɗauko labarin ne daga littafin Dashiell Hammett mai wannan suna. Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Clyde Wynant, ya ɓace a birnin Niyok, aka kuma kashe sakatariyarsa, zargi ya faɗa kansa. 'Yarsa Dorothy ta roƙi Nick Charles, tsohon mai binciken laifuka, ya taimaka. Shi kuwa Nick ya daɗe da ajiye aikin, tun da ya auri Nora, mai gadon dukiya, ya koma kula da abin da mahaifinta ya bari. Nora ce ta yi ta zuga shi, don tana so ta ga yadda mijinta yake aiki. Daga baya aka tono gawa a ƙarƙashin daɓen ma'aikatar Wynant, an haɗa ta da tufafin mutum mai ƙiba don a ɓatar da sawu. Nick ya gane cewa siririn mutumin da ake nema ruwa a jallo shi ne a kwance. Ya tara duk waɗanda ake zargi a walimar cin abincin dare, ya yi ta jefa musu magana har lauyan mamacin ya tona kansa.

Wannan shi ne zubin labarin, kuma da shi kaɗai fim ɗin ya dogara da tuni an manta da shi. Ni kaina nakan shagala da zaren binciken tun kafin a kai tsakiya, domin idona yana kan William Powell da Myrna Loy, waɗanda suka fito a matsayin Nick da Nora. Masu kallo na wancan zamani ma haka suka yi. Sun so su har aka yi fina-finai shida a kan waɗannan ma'aurata daga 1934 zuwa 1947, kuma jimillar fina-finan da jaruman biyu suka fito tare ta kai 14. Da yawa sun ɗauka miji da mata ne na gaskiya, alhali kowanne da nasa gidan, abota da aiki kawai suka haɗa su.

To, me ake gani da ake kira haɗuwar jini? Na zauna na bi fitowa-fitowa, sai na lura cewa sirrin yana wajen wanda ba ya magana. Idan Powell yana zuba zance, fuskar Loy ba ta hutawa: tana saurare, tana auna maganar, gira ta ɗan ɗaga, sannan amsa ta fito kamar yanzu ta zo mata. Idan ita ke magana, shi ma haka yake yi. Akwai fitowar da Nora ta shigo ɗaki ta tarar Dorothy ta rungume Nick tana kuka. A fim ɗin da aka saba, nan ne kishi zai tashi, a yi yaji, a ɓata rabin labari wajen biko. Nan kuwa Nick ya yi wa matarsa wata fuska ta saman kan yarinyar, ita ma ta yamutsa masa hanci, magana ta ƙare. Cikin daƙiƙa kaɗan, ba tare da kalma ɗaya ba, an nuna mana amincin da shafi goma na zance ba zai iya nunawa ba. Haka kuma safiyar Kirsimeti, Nick yana kwance a doguwar kujera yana harbin balan-balan da bindigar wasa da aka ba shi kyauta, Nora tana zaune cikin sabuwar rigar sanyinta tana kallonsa. Dariyar fitowar tana cikin kallon nata, kallon wadda ta san shirmen mijinta ciki da bai, kuma ba ta da niyyar hana shi.

Irin wannan ba ya samuwa da sa'a kawai. Darakta W. S. Van Dyke ya riga ya haɗa su a fim ɗin Manhattan Melodrama a farkon wannan shekarar, ya ga yadda suke raha a bayan kyamara, ya nace sai an ba shi su. Kafin nan Loy ta shafe shekaru ana ba ta matsayin hatsabibiyar mace 'yar ƙasashen Gabas, ba wanda ya yi zaton tana iya ban dariya. Van Dyke mutum ne mai sauri, ba ya son maimaita ɗauka, har ya kammala fim ɗin cikin kimanin mako biyu, saboda haka raha ba ta kai ga yin tsami a bakin 'yan wasa ba. Waɗanda suka tsara zancen, Albert Hackett da Frances Goodrich, su ma miji da mata ne. Mai ɗaukar hoto James Wong Howe kuma yakan bar jaruman biyu cikin hoto guda, ta yadda mai kallo zai ga mai jifa da mai cafewa a lokaci ɗaya. Haɗuwar jinin da muke gani gini ce ta mutane da yawa, tubalinta saurare da sanin lokacin da ya dace a yi shiru.

Ba duk abin da ke cikin fim ɗin ne yake kwanta mini ba. An fitar da shi watanni kaɗan bayan Amurka ta soke dokar hana sayar da giya a Disambar 1933, kuma ɗokin wannan sakin yana ko'ina: da wuya a ga Nick ba kofi a hannu, an mai da shaye-shaye ado. Akwai kuma fitowar da wani ɗan bindiga ya kutsa ɗakin kwanansu, Nick ya naushi Nora ta faɗi don ya kawar da ita daga bakin harsashi, aka mai da abin na dariya. Zamaninsu ya ga wannan daidai ne, ni kuwa ban gan shi haka ba. Sai dai ko a nan, abin da Nora ta yi ƙorafi a kai bayan ta farfaɗo shi ne an hana ta kallon yadda mijinta ya kama mutumin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda fim ɗin ya ajiye wasa. Al'adarmu ta san darajar barkwanci, ta kuma yi masa gurbi: tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Fulani da Barebari. Kowa ya san abokin wasa yana faɗa maka abin da wani bai isa ya faɗa ba, domin an riga an yi amanna cewa ba ƙiyayya a ƙasan maganar. Tsakanin miji da mata kuwa, a idon jama'a, kunya muka ajiye, har mace ba ta kiran sunan mijinta. Nick da Nora abokan wasa ne da aure ya haɗa. Tsokanarsu tana da daɗin ji ne saboda sharaɗin nan na taubasantaka ya cika, wato babu mai tsoron cewa maganar za ta raba su. Yawancin labaran soyayya, na Hollywood da na Indiya da namu na Kano, a ɗaurin aure suke tsayawa, ko kuma su shiga gidan auren don su nuna rikici. Wannan fim ya fara ne bayan biki ya watse da shekaru, ya nuna mutum biyu da har yanzu kowanne yake jin daɗin hirar ɗan'uwansa.

A nan nake ganin darasi gare mu masu nazarin fim da wasan kwaikwayo. Mun gaji kayan aikinmu daga nazarin rubutaccen adabi, shi ya sa kundayenmu suka cika da jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe. Duk waɗannan ana iya fitar da su daga takardar labari ba tare da an kunna fim ɗin ba. Abin da ke gudana tsakanin 'yan wasa biyu, wato kallo da jinkiri da numfashin da ake ja kafin amsa, ba mu tanadar masa kalmomi ba, alhali shi ne yake sa 'yan kallo su nemi a sake haɗa musu jarumi kaza da jaruma kaza. Idan muka ce jininsu ya haɗu muka yi shiru, mun bar aikin a daidai inda ya kamata ya fara. Shawarata ga ɗalibin da zai gwada ita ce ya zaɓi fitowa ɗaya, ya rage sauti, ya kalli fuskar mai saurare, ya rubuta abin da ya gani.