Ɗigon ruwa a ƙarƙashin mota

A Maradi akwai wani tsohon makanike. Duk yaron da ya zo koyon aiki a garajinsa, abin da yake fara koya masa shi ne duban ƙasa. Kafin a tada mota da safe, sai yaro ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ga dalilin haka.

Sa'ad da yake ɗan shekara 14, karen mota ne a wurin kawunsa. Motar kawun Peugeot 404 ce, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. A Faransa aka fara ƙera 404 a shekarar 1960. Yau ba a cika ganinta ba, amma a wancan zamani ita ce jakar ƴan kasuwa.

Wata rana a farkon bazara, suka yi lodin kwandunan tumatir za su kai Tasawa. Tafiyar ta fi kilomita 100. Da asuba yaron ya ga ƙasa ta ɗan jiƙe a ƙarƙashin inji, wurin bai fi tafin hannu ba. Ya buɗe radiyater, wato tukunyar ruwan mota, ya cika ta. Bai gaya wa kowa ba, don masu kaya suna ta gaggawa.

Suka wuce Cadawa lafiya, suka wuce Agye. Rana ta take. Kafin su kai Gazawa, sai allurar zafi ta hau ja. Kawu ya gangara gefen hanya, ya kashe mota. Tururi yana fitowa ta gaba.

Yaro ya ɗauko jarkar ruwa da gudu, ya kai hannu zai buɗe murfin radiyater. Kawu ya riƙe masa hannu.

— Kul! So kake ka saɓule fuskarka?

— Kawu, ruwa zan ƙara mata.

— Ba yanzu ba. Zauna.

Masu tumatir suka fara gunaguni. Wata tsohuwa ta ce in kayanta suka lalace, ba ta da abin biyan mai lambu. Kawu ya ba ta haƙuri. Ya ce in aka tilasta wa mota yanzu, inji zai ƙone, kowa ya kwana a daji. Suka ja tamfol suka rufe kwanduna.

Suna jira, kawu ya zana wa yaron hanyar ruwa a kan rairayi. Mai yana ƙonewa a cikin inji, shi ya sa inji yake zafi. Ruwa yana zagaya jikinsa yana kwashe zafin. Famfo ne yake tura ruwan ta tiyon sama zuwa radiyater. A can iska da fanka suke sanyaya shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Igiyar roba guda ce take juya famfon da fankar. Ruwa a tukunyar girki yana tafasa a digiri 100. Amma murfin radiyater yana matse shi, har ya wuce haka bai tafasa ba. In aka buɗe murfin da zafi, ruwan yakan yi tsiri ya ƙone mutum. In kuma aka zuba ruwan sanyi a inji mai zafi ƙwarai, ƙarfensa yana iya tsagewa.

Bayan fiye da rabin awa, kawu ya sa tsumma ya juya murfin a hankali. Ruwa ya yi ƙasa sosai.

— To, ɗana, ruwa ba ya da ƙafa. Ina ya bi?

Ya fara bincike daga abu mai sauƙi. Ya danna igiyar fanka da babban yatsa, ta yi tauri daidai. Ya leƙa saƙar radiyater, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe iska. Ya ga haske ta cikinta. Ya girgiza fanka, famfo bai yi lako-lako ba. Sa'an nan ya zaro sandar awon baƙin mai, ya daɗe yana kallonta. Ya ce da man ya koma kamar madara, to, ruwa ya shiga cikinsa ke nan, sai an kwance kan inji. Man baƙi ne. Kawu ya yi hamdala.

A nan ne yaron ya kasa daurewa.

— Kawu, da asuba na ga ƙasa ta jiƙe.

— Ina?

— Nan, wajen gaba.

Kawu bai ce masa kome ba. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashin mota. Ya matsa tiyon ƙasa, sai ga ruwa yana tsattsafowa. Robar ta tsufa, ta tsage dab da bakinta, inda zoben ƙarfe yake ɗaure ta. Da sanyin safiya ɗigo kawai take yi, amma da inji ya yi zafi sai ta riƙa feshi.

Ya sa wuƙa ya yanke wurin da ya tsage. Ya tura sauran tiyon, ya ɗaure zoben tamau. Suka cika ruwa, suka tada mota, suka tsaya suna kallo. Ko ɗigo. Suka tafi sannu-sannu, ido a kan allura.

Sun isa Tasawa bayan azahar, kasuwa ta fara watsewa. Tumatir na saman kwanduna ya yi laushi. Tsohuwar nan ta sayar da nata da hasara. Kawu ya mayar mata da kuɗin motarta, yaron yana gani.

A hanyar komawa, kawu ya ce:

— Da ka faɗa da asuba, aikin minti 10 ne a ƙofar gida.

Bai buge shi ba, bai kuma sake tada maganar ba. Tsohon makaniken yakan ce da ma dukansa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Har yau, in aka kawo masa mota mai zafi, ba ya tambayar ruwa nawa aka ƙara mata. Tambayarsa ita ce: ina na jiya ya bi?

Tambayoyi

1. Don me kawu ya hana a buɗe murfin radiyater?
2. Ku zana hanyar da ruwa yake bi a cikin mota.
3. Wa ya yi hasara saboda shirun da yaron ya yi?