Tsohon gida a Adabraka da ya koma shaguna

Duk ɗan kasuwar da ya san birnin Akra, wanda mu 'yan zango muke kira Ankara, ya san Adabraka, unguwar da ke tsakanin shataletalen Kwame Nkrumah da tsakiyar gari. Mafi yawanmu wucewa kawai muke yi a trotro, hankali yana Makola ko Tudu. Amma wanda ya sauka ya taka da ƙafa a titin Kojo Thompson ko Farrar, ya ɗaga kai sama da allunan talla, zai ga tsofaffin benaye masu baranda da tagogin katako.

Turawan Ingila sun maido hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877. Bayan annobar da ta auka wa garin a 1908, mutane suka fara fita daga cunkoson Jamestown da Usshertown suna neman fili a bayan gari. Adabraka na cikin wuraren da suka habaka a lokacin. Ana cewa ma sunan daga bakin kakanninmu ya fito, daga "albarka" ɗin nan da mai kaya yake faɗa idan tayi bai yi masa ba. Da kuɗin koko ya shigo, akawuna da lauyoyi da attajirai suka gina gidajen zama a nan.

Akwai ɗaya daga cikin irin gidajen da nake sayen kayan waya a ƙasansa. Falon ya zama shago, ɗakin girki ya zama sito, tsakar gida kuma mai wake da shinkafa ce ke riƙe da ita. A sama akwai tela da wani ofis. Matakalar katako tana nan, ta sha ƙafa har tsakiyarta ta loɓa. Bangon yana da kauri, rufin ciki yana da tsawo, tagogin suna fuskantar juna. Idan aka ɗauke wuta da rana, makwabta masu sabon gini na gilashi sai su fito waje suna fifita, shi kuwa mai wannan shago yana ciki yana ciniki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wasu na cewa mayar da gida shago ɓata shi ne. Ni dai abin da na gani, gidan da aka kulle ya fi saurin mutuwa: kwano ya yi yoyo, gara ta ci katako, damina biyu uku sai bango ya tsage. Kuɗin haya ne ke sayen kwano da fenti. Ɓarnar tana zuwa ne daga yadda ake gyaran. Mai haya ya shigo, ya fasa bangon gaba don ya sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, ya cire tagogi ya toshe da bulo, ya lulluɓe baranda da allon talla. Wani bangon ma shi ke ɗauke da benen. A garin da ya ga girgizar ƙasa a 1939, wannan ba abin wasa ba ne.

Hukumar gidajen tarihi ta Gana tana kula da ganuwoyin Turawa na bakin teku, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Gidan iyali irin wannan kuwa yana hannun magada, kuma sau da yawa suna da yawa, wasu a Landan, wasu a Amurka. Ranar da suka haɗa baki suka sayar wa mai gina dogon bene, ɗan haya shi ne farkon wanda zai kwashe kaya, ko da ya biya kuɗin shekara biyu gaba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan za ka kama shago a tsohon gida, ka san wanda dangi suka wakilta, ku yi takarda a gaban shaidu, a rubuta abin da za ka taɓa da wanda ba za ka taɓa ba. Kada ka fasa bango sai magini masani ya duba. Tagar da ka cire, ka ajiye ta a sito. Allonka kuma ya tsaya daidai ƙofarka. Gidan da ya ci gaba da kyau, magada sukan yi nauyin rushe shi.

Mu ma muna da irinsu a Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa, da zangon Kumasi: gidajen fatake masu zaure da ɗakunan baƙi, inda aka sauke goro da shanu. Da yawa an tsaga gabansu an yi shaguna. Kafin a fasa zaure na gaba, a kai yara su gani, a gaya musu wanda ya gina shi da abin da ya sayar har ya gina.