Harshe Bai San Suna Ba

Mu dai ba mu shan giya, addini ya hana. Amma akwai wani labari na masu ɗanɗana giyar inabi da ya tsaya mana a rai, mu malamai masu duba rubutun yara.

A Faransa ɗanɗana giya sana'a ce. Ja tana samun launinta daga ɓawon inabin da ake jiƙawa tare da ruwansa. Fara kuwa tun farko ake raba ruwan da ɓawon. Mai zaƙi irin ta Sauternes, da inabin da ya yanƙwane a reshe ake yin ta. Gwani yakan sansana, ya kurɓa, ya tofar, sannan ya ce a saya ko a bari.

A 1976 wani Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya gayyaci alƙalai Faransawa 9 a Paris, aka zuba musu ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka haɗa maki, giyar Kalifoniya ta Amurka ce ta zo ta ɗaya, ja da fara duka. Wata alƙaliya har ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Bara muka gwada haka a gasar gajeren labari ta makarantarmu. Muka rufe sunaye, muka sa lambobi. Sai ga yaron da kullum muke zaunarwa a baya ya cinye. Kunya ta rufe mu. Shekara nawa ke nan muna ba suna maki?

'Yan'uwa masu alƙalancin gasa, a rufe suna kafin a karanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.