Hunturu da Numfashin 'Ya'yanmu

Yau dai a yi mini afuwa, zan ɗan jingine labarin da muke ciki in yi magana a kan baƙon da ya sauka a gidajenmu, wato hunturu. Mu marubuta mun saba kawo shi a littafi a matsayin lokacin da saurayi ke zuwa zance cikin rigar sanyi, budurwa ta tarbe shi da shayi mai citta. To amma duk macen da ke da yara ta san sauran labarin: tari cikin dare, majina, haɓo, faso, da leɓe mai tsagewa. Ni uwar yara biyar ce, kuma abin da shekaru suka koya mini shi ne, a hunturu numfashin yaro ya kamata uwa ta fi sa wa ido.

Iskar nan da ke kaɗawa tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu daga hamadar Sahara take tasowa, ta bugo mana ta arewa maso gabas. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Ƙurar tana da laushi kamar hoda, ga iskar a bushe, sai ta busar da cikin hanci da maƙogwaro, su yi 'yan tsage-tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Dalilin yawan haɓo da mura ke nan, kuma dalilin da ya sa mai asma ke jin jiki.

Da sanyi ya tsananta, abin da zuciya ke fara raya wa uwa shi ne ta toshe taga, ta rufe ƙofa, ta shigo da kaskon garwashi. Nan kuwa haɗarin yake. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai take fara sawa, da jiri, da tashin zuciya, sai barci mai nauyi wanda wani ba ya farkawa daga shi. Hayaƙin janareta ma haka yake in an ajiye shi a soro ko kusa da taga. Surukata takan zo mana hunturu, ita kuwa ba ta barci sai da kasko. Da na ga tana neman jan ƙananan yaran ɗakinta, sai na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a yi mini alfarma, a ɗumama ɗakin da magariba, in an zo kwanciya a fitar da wutar, ni kuma zan ƙaro bargo." Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da wuta aka raine mu." Na ce, "Gaskiya ne Inna, amma ɗakunanku na da iska na shiga ta ko'ina, wannan kuwa siminti ne da gilashi." Ta yi shiru, can ta ce a kawo bargon.

Abu na biyu da nake roƙon kowace uwa ta koya shi ne ƙirga numfashi. Mura kan wuce da kanta cikin mako ɗaya ko fiye kaɗan, amma nimoniya, wadda iyayenmu ke kira ciwon haƙarƙari, tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma da kamannin mura take shigowa. Idan yaro na tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogon wayarki, ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya taso cikin minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, asibiti za a nufa. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ba a jiran gari ya waye.

Sai batun kemis. Da yaro ya yi tari sai a aika a haɗo magani, kwalba uku huɗu, har da kafso. Mura ta yau da kullum ba ta jin kafso, shan sa barkatai kuma shi ke sa ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin Najeriya ta hana shi tun 2018. A gidana ruwan ɗumi ne da lemun tsami da cokalin zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya. Wanda bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma, nono ya wadatar da shi. Man zafi ma ba a cusa wa jariri a hanci.

Waɗanda muka yi wayo kafin 1996 ba za mu manta da sanƙarau ɗin shekarar ba, lokacin da ya kashe dubban mutane a arewacin Najeriya, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. Cutar da bushewar hunturu take fara ɗagowa, ta yi ƙarfi in zafi ya shigo, cunkoso a ɗakin da ba iska kuma yana taimaka mata yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, sandarewar wuya, ga jariri kuma kumburin maɗiga, su ne alamunta. Alhamdu lillahi yanzu akwai rigakafi, har a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i 5 na cutar. Ƙyanda ma lokacinta ne, allurarta kuma ana yi a wata 9, a maimaita a wata 15. Ki ciro katin yaronki ki duba, wadda aka tsallake ki je asibitin unguwa a cike, kyauta ake yi.

Sauran hidimar ba ta cin kuɗi sosai. Wankan ƙanana nakan bari sai rana ta ɗaga, 'yan makaranta kuma su yi nasu da yamma da ruwan ɗumi. Tukunyar ruwan zafi ba na barinta inda mai rarrafe zai kai, don ƙuna da gobara sun fi yawa a wannan lokaci. Man kaɗanya nake shafa musu tun jiki da sauran laima, har tafin ƙafa da leɓe. Riga biyu marasa nauyi da hula da safa sun fi jibgegiyar suwaita guda, don in hantsi ya yi yaro zai iya cire ɗaya. Wadda na sayo gwanjo a Ƙofar Wambai sai na wanke ta, ta sha rana. Kafin shara a yayyafa ruwa, tagogi kuma a share su da jiƙaƙƙen tsumma. Yara ba sa jin ƙishirwa a sanyi, don haka bin su nake da kofi. Ga shi Allah da ikonSa, lokacin ne lemu da karas da kabeji da tumatir ke araha, sai a haɗa musu da kunun gyaɗa ko na tsamiya da safe.

A ƙarshe 'yar uwa, in kin gama shirya naki, ki buɗe akwatin tsofaffin kaya. Rigar sanyin da ta yi wa ɗanki kaɗan, akwai almajirin da ke sallama a ƙofarki da asuba ba ko takalmi, shi ma wata uwar ce ta haife shi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya fitar da mu hunturu lafiya. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.