Tsawon sojan darma

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da dattawa masu furfura ke yi ba tare da jin kunya ba. Sukan shimfiɗa koren ƙyalle bisa tebur, su dasa ƴan tsaunuka da itatuwa da gidaje, su jera ƙananan sojoji na darma ko na roba, sa'an nan su sake gwabza wani yaƙi da tarihi ya riga ya yanke wa hukunci. Akwai littafin dokoki, akwai abin awo, akwai ɗan lido da ake jefawa don a san wanda harsashi ya samu. Tushen wasan yana Jamus, inda a shekarar 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya nuna wa manyan sojan Furusiya yadda za su koyi dabarun yaƙi bisa taswira da ƴan guntayen ƙarfe. A shekarar 1913 kuma marubucin Ingila H. G. Wells ya buga littafinsa Little Wars, wanda ya fitar da abin daga bariki ya kai shi ɗakin farar hula.

Duk wanda ya yi niyyar shiga wannan wasa, tambayar farko da ke tare shi ita ce tsawon sojan da zai saya. Sojojin Wells milimita 54 ne, ga girma ga kyau, amma sai an kwashe kujerun ɗaki kafin su sami filin daga. Bayansu akwai na milimita 28, da na 20 waɗanda kamfanin Airfix ya yaɗa da roba mai araha, da na 15, har zuwa na milimita 6 da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Zaɓin ba na rana ɗaya ba ne. Mutum zai zuba kuɗinsa, ya share shekaru yana shafa fenti, kuma gidajen da gadojin da zai ƙera duk sai sun dace da wannan tsawo. In ya tara runduna ta milimita 6 alhali abokan wasansa na 28 suke da su, to ya zama sarkin yaƙin da ba shi da abokin karo.

Babban soja yana da fuska. Ana ganin gashin bakinsa da maɓallan rigarsa da gajiyar da maƙeri ya zuba masa a kafaɗa. Sai dai tebur da aka saba wasa a kai bai wuce mita 1,8 a tsawo da 1,2 a faɗi ba, don haka mai manyan sojoji yakan tsaya ga arangamar ƴan tsiraru a bakin wani ƙauye. Ƙaramin soja kuwa ba shi da ido ba shi da baki, amma idan aka jera ɗaruruwansu, mai kallo zai ga sahu da ɓarayin runduna da giɓin da dawakai za su kutsa, kamar yadda janar ke hange daga kan tudu.

Lissafi ma yana da ta cewa. A yaƙin Watalu, ranar 18 ga Yunin 1815, Napoleyon ya zo da mutum wajen 72.000, Wellington da wajen 68.000, kafin Furusiyawa su iso da yamma. Faɗin fagen ya kai kimanin kilomita 4. Da za a rage shi daidai da sojan milimita 20, wato kashi ɗaya cikin 72, sai an nemi tebur mai mita 55. Ko da na milimita 6 ne, sai an sami mita 13. Shi ya sa dokokin wasa ke yin sulhu da gaskiya: a matse ƙasa, a ce soja guda yana wakiltar mutum ashirin ko hamsin. Daidai ruwa daidai tsaki.

A nan nauyin zaɓin yake. Wanda ya ɗauki babba ya ga mutum ya rasa yaƙin, wanda ya ɗauki ƙarami ya ga yaƙin ya rasa mutum, kuma babu ma'aunin da ke ba da duka biyun. Wells mai ƙin yaƙi ne, ya yi fatan wasan zai nuna wa mutane wautar yaƙin gaske, amma shekara guda bayan littafinsa Turai ta kama da wuta. Saboda haka ya dace mai wasa, kowane tsawo ya zaɓa, ya riƙa tuna abin da yatsunsa biyu ke ɗagawa idan ɗan lido ya faɗi. A Watalu, waɗanda aka kashe da waɗanda aka jikkata a yini ɗaya sun haura 40.000, kuma ba a mai da ko ɗaya cikin akwati don wasan gobe ba.