Zaƙin da Na'ura Ba Ta Gani

Ranar da likita ya shaida wa Baba yana da ciwon suga, tambayarsa ta farko ita ce, "To, shayin fa?" Shekara da shekaru bai san karin kumallo ba sai da kofin shayi mai cokali huɗu na sukari. Da yake mu ne 'yan bokon gidan, kullum muna gaban kwamfuta muna rubuta manhaja, sai muka yi masa alkawarin samo mafita.

A intanet muka ci karo da ruwan zaƙin agabe, muka yi odar kwalba ɗaya da kuɗin da zai sayi sukarin wata da watanni. A ido kamar zuma yake, sai dai ya fi ta tsinkewa, kuma ya fi sukari zaƙi. Baba ya kurɓi shayinsa, ya lumshe ido, ya sa mana albarka. Da muka gwada jininsa, lambar da na'ura ta nuna ba ta yi tsalle irin na da ba. Muka ce shi ke nan, an yi maganin abin.

Bayan mako biyu Baba ya ce, "Wai wannan abin, wace bishiya ce uwarsa?" Sai a lokacin muka zauna muka yi karatun da ya kamata mu yi tun farko.

Agabe tsiro ne na ƙasar Meziko, mai dogayen ganyaye masu ƙaya. A jihar Halisko ake noma shuɗin agabe da yawa, kuma yakan kai shekara 7 kafin ya nuna. Sai a sassare ganyen, a bar ƙullin tsakiya mai kama da ƙatuwar abarba. Daga wannan ƙulli ake yin giyar tekila, ko da yake shi ruwan zaƙin ba ya sa maye. A masana'anta ake matse ƙullin, a tace, a dafa har sinadarinsa ya rikiɗe ya zama sukari.

Nan gizo ke saƙar. Sukarin da muka sani rabinsa gulukos ne, rabi furaktos. Agabe kuwa mafi yawansa furaktos ne. Na'urar gwaji gulukos kaɗai take ƙirgawa. Furaktos hanta yake zarcewa, idan ya yi yawa kuma ta mai da shi kitse. A sana'armu mun san irin wannan: ka hana allo nuna saƙon kuskure, kuskuren na nan a cikin manhaja yana ɓarna a ɓoye. Abin da muka yi wa jikin mahaifinmu ke nan.

Muka kuma ga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015, cewa zai fi kyau sukarin da babba ke ƙarawa a abinci kada ya wuce kamar giram 25 a rana, wato ƙananan cokali 6. A lissafinta, zuma da ire-iren wannan ruwan zaƙi duk sukari ne.

Faɗa wa Baba shi ne mai wuya. Ya saurare mu har ƙarshe, ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce, "Ashe sukari ne ya sa babbar riga."

Muka koma wurin likita da kwalbar, ya ce a bar ta. Yanzu Inna ke dafa shayin da citta da kanumfari da na'a-na'a. Ranar farko Baba ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai magani ne. Jiya kuwa da kansa ya miƙo kofi a ƙara masa.

Kwalbar na nan a kan firji, ba ta kai rabi ba. Ba mu zubar ba. Duk sanda muka ji an ce ga wani zaƙi wanda ba shi da illa, mukan ɗaga kai mu dube ta.