Wuƙar Baffa

A gidanmu a Dangora, bikin Kirsimati ba ya kankama sai Baffa ya zo da wuƙarsa. Wan Baba ne, Musulmi. Shi ke yanka mana akuya, domin maƙwabta su ci naman ba tare da shakka ba.

Wata shekara rikicin iyakar gona ya shiga tsakaninsu tun damina, har gaisuwa ta gagara. Dawa ta shigo gida, Baba ya sayar da buhu biyu a kasuwar Kwanar Dangora, ya sayo akuya da atamfar Inna ta Zumuntar Mata. Akuya tana ɗaure, mu yara muna ta kallonta, ba mai maganar yanka.

Ran 24 ga Disamba, bayan addu'ar asuba, Inna ta ce, "Maigida, da wannan zuciya za ka shiga majami'a gobe?" Baba bai amsa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Da hantsi sai ga su tare, Baffa yana faɗa wai mun bar akuya ta rame.

Maganar gona kam sai da mai unguwa ya sa baki daga baya. Amma ran Kirsimati bayan sujada, ni na kai wa Baffa shinkafa da nama, kwanon ya dawo cike da gyaɗa.